Kwalaben da Ba Kiyari Ya Dawo da Su

Shekaruna saba'in da uku a duniya, abin da zan ba ku labari kuwa ya doshi shekara goma da aukuwa, amma ranar ba ta gushe daga idona ba: ranar da aka miƙo mini guduma, aka ce in farfasa manyan kwalabe. Ku da kuka shigo sana'ar lemo a zamanin roba, ku kasa kunne, domin ba ku san abin da aka binne kafin zuwanku ba.

Na yi aiki a wani ƙaramin gidan yin lemo a cikin garin Diffa, na marigayi Alhaji Mamadu. Lemun citta da na tsamiya muke dafawa da hannunmu. Ni ne shef na kwalabe, wato karɓarsu, da wankinsu, da rufe bakinsu, duk a wuyana suke. Manyan kwalabe ne koraye masu kauri, kuma ba zan ɓoye muku ba, asalinsu na giya ne. Alhaji kan sayo su wofi, mu kankare takardar jikinsu, mu jiƙa su a ruwan toka, mu cuɗe cikinsu da yashin kogin Komadugu, mu ɗauraye da tafasasshen ruwa, har liman ya sha babu ɗar a zuciyarsa.

Ba mu taɓa sayar da kwalba ba, abin cikinta muke sayarwa. Alhaji yakan ce kwalba 'yar aike ce, ta je ta gai da mutane ta komo gida. Ba ya karɓar jingina a kanta, kuma ya kafa mana doka guda: duk wanda ya dawo da kwalba wofi, ba ya fita ƙofarmu hannu wofi, sai an miƙa masa cikakkiya. Ita babbar kwalba kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta tabarma ce. Masu tsinkar tattasai a lambunan bakin kogi, daga nan har wajen Chétimari, idan rana ta take sai su buɗe guda ɗaya a inuwa, kofi ɗaya ya yi ta zagayawa, a soma da dattijo.

Sai fitina ta zo a 2015. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai. Ƙauyukan bakin kogi suka watse, mutanensu suka zo suka kafa bukkoki a bakin kwalta. Ana cikin haka Alhaji ya rasu, ɗansa Ari ya gaji gidan.

Zan yi wa Ari adalci, ko da yake har yau raina a ɓace yake. Hujjojinsa ba na banza ba ne. Kwalabenmu da yawa sun tafi ƙauyuka ba su dawo ba. A kowane shinge jandarma kan sauke kaya, su buɗe su sansana, domin da irin waɗannan kwalabe ake sayar da man fetur a bakin hanya, man kuwa ana tsoron ya kai ga mutanen daji. Sababbin masu saye kuma, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshi, kowa ƙaramar roba yake so, ya tsotsa shi kaɗai cikin mota, ya wurgar ta taga. Sai Ari ya sayo injin roba. Na tattara sauran manyan kwalabe na jera su a magaza, wato ɗakin ajiyarmu, da tsammanin wata rana ƙura za ta lafa.

Ranar da nake faɗa, Ari ya sa magina sun ƙara wa katangar gidan tsawo saboda tsoro. Da hantsi ya kira ni tsakar gida, ya ce, "Baba Idi, magina suna bukatar fasassun kwalabe a kafa a kan katanga. Ga su can a magaza suna cin wuri. A fito da su."

Na ce, "Ari, waɗanne kwalabe?"

"Manyan nan mana. Me za mu yi da su? Wa ke shan su yanzu?"

Ya miƙo mini guduma. Na maida hannuwana baya. Na ce, "Ni na goya ka a cikin wannan magaza, kana wasa da marafansu. Hannun da ya tsufa yana wanke su ba zai fasa su ba. Nemi wani."

Ya yi dariya, ya ce, "Baba, kwalba ce fa, ba jikarka ba." Ya ba magina gudumar. Ina tsaye suka soma, kowace ƙara kamar a haƙorina.

Suna cikin aikin sai muka ji sallama a ƙofa. Wani tsoho ne da buhu a ka, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Sai da ya sauke kayan na gane shi: Ba Kiyari, wato Baba Kiyari a bakin Barebari, manomin tattasai mai ɗan tebur a wani ƙauye na bakin kogi, wanda ya daɗe yana karɓar lemonmu. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa.

"Wushe, wushe, Mala Idi," in ji shi da Hausarsa ta Barebari. "Ina Alhaji? Na kawo masa yaransa."

Na gaya masa Alhaji ya riga mu gidan gaskiya. Ya daɗe yana addu'a, sannan ya kwance bakin buhun. Kwalabenmu ne, kowace an naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa 'yar'uwarta, an wanke su tas. Ya ce ranar da suka bar ƙauye, jaki ɗaya gare shi. Ya ɗora matarsa marar lafiya, ya rataya buhun nan, ya bar injin ban-ruwa da buhunan tattasai. A bakin kwalta ya yi ta ɓoyon su cikin bukka, har ya sami wanda ya rage masa hanya zuwa gari.

Na ce, "Ba Kiyari, ka bar tattasanka ka ɗauko kwalabe?"

Ya ce, "Tattasai nawa ne, ina iya barinsa. Wannan na wani ne."

Ari ya leƙo buhun. Ba da mugunta ya yi magana ba, wannan ma shi ya fi ƙona ni. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Kaka. Amma mun daina amfani da su." Ya juya ga magina: "Ku haɗa da waɗannan, za su isa kusurwar can."

A nan ne tsohon ya waiwaya, ya ga tsibin korayen ɓaraguzai, ya ɗaga kai ya ga waɗanda aka riga aka kafa cikin ɗanyen siminti, tsininsu sama. Ya dube ni. Ya ce a hankali, "Ashe da na bar su?"

Wallahi tunda nake ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na wannan lokaci ba. Na tsaya a kan buhun, na ce duk maginin da ya taɓa shi, ni da shi. Na zaro kwalba guda, na shiga madafa, Ya Hadiza mai dafa mana lemo ta cika mini ita da na citta. Na jawo tsohon injin rufi daga inda aka yar da shi, na danna marfi, na fito na miƙa wa Ba Kiyari da hannu biyu.

Ari ya ce, "Baba Idi, wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Mahaifinka. Dokarsa ce, ban kuwa ji ranar da ka soke ta ba. Kwalaben nan da kake gani a kan katanga, aikinsu a da su je su gai da mutane. Yau ka ɗora su su yanke hannun duk wanda ya matso. To, ni ba a ɗauke ni wannan aiki ba."

Na kwance makullan magaza daga ɗamarata na aje a gabansa. Ya ce in yi haƙuri, maganar ba ta kai nan ba. Na ce ta kai tun da hantsi. Na saɓa buhun Ba Kiyari a kafaɗa, muka fita tare, ban sake taka gidan ba.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Ba na musun cewa roba ta fi sauƙin ɗauka, kuma ta ci kasuwa, ba a Diffa kaɗai ba. Amma duk sana'ar da ta daina tsammanin wani abu zai dawo mata daga hannun mai saye, ta daina sanin sunansa. Mu mun san wanda ya yi ciwo, da wanda ya aurar da 'ya, da wanda ambaliya ta ci lambunsa, saboda dole ya komo da kwalba mu gaisa. Ku kuwa kuna miƙa roba, mutum ya juya baya, shi ke nan. Ku je bakin Komadugu ku ga inda 'yan aikenku suke kwana.

Bayan 'yan kwanaki, ina zaune a ƙofar gidana, sai ga Ba Kiyari ya tambayo hanya har ya iso. Ya ce sun sha a tabarma shi da maƙwabtansa na bukka, kofi ɗaya, an soma da dattijo. Ya miƙo mini kwalbar a wanke. Na shiga ciki na sa iyali suka daka citta.

Ba Kiyari ya rasu bai koma ƙauyensa ba, Allah Ya jiƙansa. Wanda ke shakkar maganata, Ya Hadiza tana nan da ranta, da Sanda direbanmu wanda ke tsaye a bakin ƙofa ranar, kuma shi kansa Ari ba zai musa ba. Idan duk ba su ishe ku ba, ku zagaya gidan lemon ku ɗaga kai: sauran shaidun suna kan katanga.