Murafan Da Ke Jakar Yaya

Yayata malamar aji ɗaya ce, shekara goma sha biyu kenan. A gida "Kar-a-je" muke ce mata, don ba ta gama magana sai da "kar a je wani abu ya faru". Tun ina ƙarami, ko kifi zan ci sai ta bi ta tsince ƙayar.

Yara shida ke da asma a ajinta, har da 'yarta Auta. Abin shaƙarsu kuwa yana kulle a durowar hedimasta, mutumin da makulli ke aljihunsa, shi kuma kullum yana taro. Ranar da numfashin Auta ya sarƙe, sai da aka fasa durowar da guduma.

Daga nan aka yarda Yaya ta koya wa yaran amfani da abin da kansu. Bayan wata uku nas za ta zo daga asibiti ta gwada su. In sun iya, kowa ya riƙe nasa a jaka. In ba su iya ba, a koma durowa.

Yaya ta daina cin abincin kirki. Kullum da ƙarfe tara ta jera su ƙarƙashin allo da tsofaffin gwangwanayen da maganinsu ya ƙare: girgiza, fitar da iska, sa a baki, danna, ja, ƙirga goma. Ni kaina da ko aji uku na sakandare ban ƙarasa ba na haddace.

Ranar gwaji na kai ta a babur, na leƙa ta taga. Nas ta miƙa wa Auta abin shaƙa sabo fil. Auta ta girgiza, ta fitar da iska, ta cusa shi a baki da murfinsa, ta danna, ta ƙirga goma, ta yi murmushi. Sauran biyar ma haka, ba wanda ya kuskure ko lamba ɗaya.

Nas ta ajiye biro. "Malama, ba su taɓa ganin murfi ba ne?"

Yaya ta buɗe jakarta a hankali. Ga murafai shida a ƙulle cikin leda.

"Ni nake cire musu," ta ce. "Kar a je wani ya haɗiye."

Na so in yi dariya, amma na fasa. Idonta na kan Auta, kuma na san abin da take hangowa: yarinyar ita kaɗai a bayan aji, ƙirji na kuka, tana danna abu a toshe.

Nas ta rubuta ba su ci ba, amma ta ce za ta dawo bayan sati biyu.

A hanya na ce, "Yaya, ƙayar kifin nan ce ta biyo ki makaranta."

"Ka tuƙa ni kawai, marar kunya."

Jiya na tarar ta huda murafan da ƙusa mai zafi, ta ɗaure kowanne da zare a jikin gwangwaninsa. Auta na ta fama da cire murfin nata, yatsunta na zamewa. Yaya ta zauna a kan hannuwanta biyu don kar ta karɓa. Saura kwana tara.