Efo Midodzi, mai yanka wa tafkinmu baki

Kafin masu jan taru su gama raba kifin safe, Efo Midodzi Ahiable ya riga ya isa tudun yashin da ya raba tafkinmu da teku, takalma a rataye a wuya, shebur a kafaɗa. Yakan taka tudun daga wannan kai zuwa wancan, yana tsayawa yana murza diddige cikin yashi. Daga nan ya shiga tafkin har gwiwa, ya duba wani kututturen kwakwa da ya yi wa tsage da adda, ya ga inda ruwa ya kai. Shekara talatin da shida ke nan yana wannan, a matsayin leburan majalisar gari. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Aikinsa na gaske kwana ɗaya ne a shekara. In damina ta kankama tafkin ya cika, tudun ya hana ruwa fita, sai ruwan ya fara hawa unguwar masu bandar kifi. A ranar da ya ga ta yi, sai Efo ya sa a buga ƙararrawa, mata su kwashe itacensu, masunta su shirya raga. Ya jira teku ta fara janyewa, ya yanka wata siririyar hanya, faɗin shebur ɗaya. Ruwan da kansa yake ƙarasa haƙar. Kafin la'asar tafki ya sauka, kowa ya koma harkarsa kamar ba a yi komai ba.

Dattawa sukan ce aljanin tafkin ne ke raɗa masa ranar a mafarki. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin maganar tana rage masa daraja. Mutum ya yi shekaru yana lura da wata, da iska, da laushin yashi a tafin ƙafa, sannan a ce kyauta aka ba shi yana barci?

Duk watan Maris majalisa tana kafa rumfa a dandali, a karanta mana rahoton shekara: rumfunan kasuwa nawa aka gina, fitilu nawa aka kafa, harajin jiragen ruwa ya ƙaru da sidi kaza. Mu tafa. Na ajiye rahotannin nan tun ina koyarwa, na kuma bi su shafi shafi. Sunan Efo bai fito ba ko sau ɗaya. Aikinsa yana can ƙasa cikin "sauran ayyuka", tare da yankan ciyawa. An koya mana cewa ci gaba shi ne abin da za a tsaya a gabansa a ɗauki hoto. Ambaliyar da ba ta zo ba kuwa, a gaban me za a tsaya?

Shekara bakwai da suka wuce majalisa ta sayi katafila. Aka tsayar da ranar buɗe tafki tun saura mako uku, don baƙi za su zo daga babban birni. Daavi Ablewa, shugabar masu banda, tana wurin da safiyar, ita ta ba ni labari. Efo ya je gaban shugaban majalisa na lokacin, ya sauke zanensa daga kafaɗa don girmamawa.

"Ranka ya daɗe, yau ba ta yi ba. Tafkin bai kai tsaga ta biyar ba, teku kuma hawa take."

Shugaban ya dubi baƙinsa yana dariya. "Efo, kishi kake da ƙarfe? Kada ka damu, ba za ta ci maka tuwon akple ɗinka ba."

"Ta ci ma, ranka ya daɗe, in dai za ta jira kwana tara."

Daavi ta ce ita ma ta sa baki. "Na ce, Honorebul, wannan tsohon ko sabulu ba ya saye, amma yashin nan ya san shi. Sai ya ce mini, Daavi, je ki duba kifinki kada ya ƙone."

Katafila ta yanka hanya mai faɗin titi cikin awa biyu. Tafkin bai fita ba, teku ce ta shigo. Murhun banda goma sha ɗaya suka narke, har da na Daavi biyu. Gishiri ya kwanta a gonakin albasa na gefen tafki, shekara uku ba su yi ba. A rahoton shekarar an rubuta cewa an buɗe bakin tafki da na'urar zamani cikin nasara. Ina zaune a layi na biyu aka karanta. Ban tafa ba, amma ban miƙe ba, kuma wannan shirun yana damuna har yau.

Da wata damina ta zagayo, babu wanda ya ba shi haƙuri. Masinja kawai aka tura ya ce masa ya ci gaba kamar da. Ya ɗauki sheburinsa.

Efo, kai ne wanda aka yi wa dariya a gaban baƙi, washegari kuma aka gan ka kana kwaɓa laka kana taya matan sake gina murhu, ba ka ce wa kowa "ai na faɗa" ba. Kai ne ka riƙe wa garin nan unguwa guda da shebur ɗaya. Mu da muka koyar da 'ya'yan garin, mu ne muka riƙa nuna ka ta tagar aji muna cewa wanda bai yi karatu ba haka zai ƙare. Sun ji maganarmu. Shi ya sa yau babu ko ɗaya da ya san abin da ka sani.

A taron bana an kira shi gaba, karo na farko. Aka ba shi agogon bango da turmin zane. Ya karɓa da hannu biyu, ya roƙi a bar shi ya yi magana.

"Na gode. Amma a ba ni mutum ɗaya. Ba sai mai ƙarfi ba, mai haƙuri dai. Ya bi ni damina biyu."

Sabon shugaban, mutumin kirki ne a ganina, ya juya takardunsa ya ce babu gurbin a kasafin bana, za a duba na baɗi.

Daga bayan rumfa Daavi Ablewa ta ɗaga murya. "A sayar da agogon a ɗauki mutumin mana! Efo da rana yake duba lokaci!"

Aka yi dariya, aka wuce zuwa batun fentin ofis.

Na bi shi tudun safiya uku da littafin rubutu, ina ganin ko zan ceci wani abu. Ya faɗa mini duk abin da zai faɗu, bai ɓoye komai ba, bai kuma cika shafi biyu ba. Da na tambaye shi yadda yake gane wurin yanka, sai ya ce, "Tica, cire takalmi." Na cire. Na taka inda ya nuna, na taka inda ya hana. Ni duk yashi na ji. Ya ce shi ma shekara huɗu ya yi kafin ya fara ji.

Mun gode, Efo Midodzi. Godiyar ta zo a makare, kuma ba ta kai aikin ba.

Ya ce ko babu albashi zai ci gaba da zuwa tudun kowace safiya, muddin gwiwoyinsa sun yarda, kuma ta hagu ta fara gardama. Ku da na koyar, kuna majalisa, kuna jiragen ruwa, wasunku suna zaune a tashar mota babu aiki. Abin da na faɗa muku ta taga kuskure ne, na janye shi. Wani a cikinku ya je ya same shi, kada ya jira kasafin baɗi. Damina saura mako bakwai.