Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

A shekarun da ake ta maganar Turawa za su miƙa mulki su tafi, muna zaune a Nasarawa, a ɗakunan ma'aikata da ke bayan gidan wani Baturen injiniya. Maigidana ne kukunsa. Ɗaki biyu aka ba mu da ɗan tsakar gida kewaye da langa-langa. Unguwa ce da ba a jin daka, ba a jin kukan akuya, sai ƙarar mota da haushin karnukan da suka fi mu cin nama.

Ɗana na fari yana shekararsa ta ƙarshe a kwalejin horon malamai. A ƙauyenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kunya ce, kuma haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. Da aka yaye shi, ƙanwata da ke aure a Gama ta ɗauke shi, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, kamar yadda ya ji tana kirana. In ya zo gidanmu ina so ya ci abinci, bango nake faɗa wa, "Akwai tuwo a kwano, in da mai ci." Shi ma sai ya ce wa ƙofa, "An gode."

A wannan shekara malaminsu, wani Bature mai jin Hausa da gidansa ke can ƙarshen layinmu, ya ɗora musu aikin da suke kira bincike. Kowa ya zaɓi abu guda, ya bi shi har tushe, ya rubuta. Wata Juma'a ƙanwata ta kawo mana ziyara, shi ma ya zo, ya zauna a bakin ƙofa yana fassara mata dokokin aikin da ƙarfi, don in ji. Ya ce duk maganar da ba daga kanka ta fito ba sai ka faɗi mai ita, da sunansa da garinsa, ko littafi ne ko mutum. Maganar da ba ta da uba mayar maka da ita za a yi. Wanda ya ɗauki ta wani ya ce tasa ce, ko ya ƙirƙiro mutum ya sa masa magana a baki, ɓarawo ne, kora ce tasa. Ranar miƙa aiki kuma guda ce, ko gawa ce a gidanku.

Ƙanwata ta ce, "To ai sai ka rubuta tarihina. Maza uku na binne, ga bincike."

Ya ce a'a, kaɗin auduga ya zaɓa, yadda matan ƙauye ke yin zare tun daga gurza har a kai wa masaƙi. Na san da wa yake. Ƙanwata ba ta taɓa zama ta riƙe mazari ba, tun tana yarinya talla ta fi so. Ni kuwa da kaɗi na yi kayan ɗakina.

Haka muka yi ta yi duk Juma'a. In zauna da mazarina da allin da nake shafa wa yatsu, in fuskanci ƙanwata, in ce, "Kin tuna yadda ake shiɓa kafin a naɗe?" Ita ta yi ta gyangyaɗi tana cewa, "Na tuna, Yaya," shi kuwa yana bayan labule alƙalami na gudu. In yana da tambaya ya yi wa Innarsa, ni in amsa wa Innarsa. Ya gama, ya miƙa kafin ranar ta cika.

Ni mai kallo ce. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san tafiyar mutum. Bayan ɗan lokaci yaron ya shigo yana jan ƙafa, kwanon da na ajiye ya koma yadda na ajiye shi. Zuwa na biyu ma haka. Na aika aka kira mini ƙanwata, na tsare ta a ɗaki, na ce ba za ta fita ba sai ta amayar da abin da ta haɗiye.

Ashe a wurin da aka ce ya sa sunan mai magana, yaron rubutawa ya yi, wata mata a Nasarawa. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, balle ya shimfiɗa shi a takarda maza su yi ta karantawa a ofis. Baturen ya mayar masa da aikin, ya ce wata mata ba suna ba ne, kuma bayanin ya yi tsari da yawa, yana zargin daga wani littafi aka kwaso aka lulluɓa wa tsohuwa. Ko ya kawo suna, ko ya kawo matar.

Na ce, "Sai me?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai na je."

"Kika je ina?"

"Kwalejin. Na ce ni ce. Yaya, wallahi rufin asiri na nufa."

Bature ya ba ta kujera, ya tambaye ta me ake yi da alli wajen kaɗi. Ta ce shafawa ake yi a fuska. Ya sake tambaya, ta sake kwaɓawa, daga nan dariya ta ƙwace mata. Yaron yana tsaye. Yanzu laifin ya tashi daga rashin suna ya koma kawo shaidar ƙarya, an sa maganarsa gaban manyan makaranta, za su zauna ranar Litinin.

Ban zage ta ba. Yaron nan shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yana da suka rayu. Ubansa ya sha gori a ƙauye kan ya ba da ɗa ga boko. In aka kore shi da sunan ɓarawo, babu ofishin da zai ɗauke shi ko masinja, ƙauye kuma ba ya komuwa, hannunsa ya manta fartanya.

Da maigidan ya dawo daga kicin da la'asar na tare shi. Na ce, "Malam, ka je ka ga Baturen nan. Kai ka saba da su."

Ya zauna yana cire farar rigar aiki. "Na saba da tukunyarsu. Shi da injiniya kulob ɗaya suke zuwa. In ya ce masa kukunka ya zo ya dame ni a gida, gobe muna kan titi da tabarmi."

"To ka roƙi naka ya roƙa mana."

"In ce masa me? Ɗana ya kawo ƙarya? Sai ya fara ƙirga cokulansa." Sannan ya ce, "A bar wa Allah."

Na bar wa Allah, na yi ta barin masa har Lahadi. Na yi sadaka, na sa an yi roƙo. Da hantsin Lahadi, maigidan na can yana haɗa abincin rana, na yafa mayafi na fita. Tun da muka zo unguwar ban taɓa taka titin nan ni kaɗai ba.

Mai gadin gidan malamin Bakatsine ne, ya san maigidana. Ya ce, "Uwargida, lafiya? Nan ba a sayen daddawa."

Na ce, "Buɗe mini ko in zauna a nan in yi ta kuka har ya fito."

Ya dube ni, ya buɗe. Ta ƙofar kicin na bi, kuku ya kai ni baranda. Baturen na zaune da tarin takardu, tare da wani malami ɗan ƙasar Zariya, Kirista, mai taya shi aiki a kwalejin. Na durƙusa daga nesa na gaishe su. Na ce na zo ne kan yaron da ya yi rubutu a kan kaɗi, ni ce matar.

Baturen ya ce, "An riga an kawo mini mata ɗaya."

Ya jawo takardun yaron, yana dubawa yana tambaya, ina amsawa. Bai daɗe ba ya ajiye. Ya ce, "Kin san kaɗi. Amma mata nawa ne a Kano suka san kaɗi? Mene ne shi a wurinki?"

Bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa a gidan biki da gidan suna. "Ɗan ƙanwata ne."

"Ke kika faɗa masa waɗannan abubuwa?"

"Ban taɓa yi masa magana ba. Ƙanwata nake faɗa wa."

"Yaya sunansa?"

Na ja mayafi na rufe bakina.

Ya dubi malamin Zariya, ya ɗaga hannuwa. "Waccan ta san sunansa, ba ta san kaɗi ba. Wannan ta san kaɗi, ba ta san sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ba. Wa ya ɗauko ki, Baba? A wace kasuwa?"

Malamin Zariya ya ƙura mini ido, sai na ga ya gane. Ya yi wa Baturen magana da Turanci, doguwa, yana nuna ni. Sannan ya juyo ya ce a hankali, "Mama, na faɗa masa ina jin ke kika haife shi, ɗan fari ne. Haka ne?"

Na dubi ƙasa. A wurinmu wannan amsa ce.

Baturen ya ce, "Na ji labarin wannan al'ada, ban raina ta ba. Amma gobe zan tsaya gaban mutanen da aka riga aka yi wa ƙarya sau ɗaya. Ba zan ce musu malam yana jin, ko wata mata ta dubi ƙasa ba. Dokar da na ɗora wa yaran ita ke kaina. Abin da kika faɗa da bakinki shi zan rubuta, da sunanki a ƙasa. Abin da ba ki faɗa ba, babu shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka dube ni. Ka dubi goshinsa ka dubi nawa."

"Ba na rubuta goshi."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da uwar da ta haife shi. Na ce ya yanke mini kowane hukunci, in share masa gida har in mutu. Malamin Zariya ya ce, "Mama, kalma biyu ce. Babu kowa a nan sai mu." Ba gaskiya ba ne, kuku na tsaye a bakin taga da tawul a kafaɗa, mai gadi ya matso har gindin baranda.

Baturen ya tattara takardun ya ɗaure da igiya, ya miƙe. Ya ce yana da baƙi, ya yi mini sai an jima. Na ga bayansa ya kai ƙofa, takardun na hammatarsa.

Sai na faɗa. Na kama sunan, da na ubansa a haɗe, wanda shi ma ban taɓa kamawa ba tun da aka kai ni ɗakinsa. Na ce ni na haife shi, a damina, a ɗakin uwata. Na ce duk abin da ke cikin takardar nan daga bakina ya fito, yana bayan labule yana ji. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har kare ya yi haushi a bayan gida. Kuku ya bar taga.

Baturen ya dawo ya zauna. Ya tambayi sunana da na garinmu, ya rubuta, malamin Zariya ya karanta mini, na dangwala yatsa.

Kafin magariba labari ya zaga ɗakunan bayan gida na layin kaf. Matar direban maƙwabta ta leƙo ta kan langa-langa, ta ce, "An ce yau kin yi wa Bature kiran sallah." Na ce ta mayar da kanta inda ta ciro shi. Maigidana ya ɗauke mini magana har wata ya kama, ban sani ba ko don na fita ne ko don sunan.

Ba su kori yaron ba. Sun ce ya sake rubuta aikin da sunan mai magana a inda ya kamata, ya rubuta, ya zauna jarrabawa, ya ci. Amma zuwan ƙanwata ba su yafe shi ba. An cire shi daga cikin waɗanda za a tura ƙaro karatu, aka ba shi wata firamare a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. A can ya yi aure, a can ya tara iyali, malamin makaranta har ƙarfinsa ya ƙare.

Abokan ajinsa da aka tura sun dawo da manyan takardu daidai lokacin da gidajen Nasarawa ke komawa hannun 'yan ƙasa. Da injiniyan ya koma ƙasarsu, ɗaya daga cikinsu aka ba gidan. Yaron kirki ne, yakan zagayo har baya ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar abokinsa. Ya ce wa maigidana ya ci gaba da aikinsa a kicin, kuma ya ci gaba.