Keken ɗinkin da na kai Ƙonni

Mun tashi daga Dogarawa bayan sallar asuba, ni da kawuna da keken ɗinki ɗaure da igiya a bayan mota. Keken ba nawa ba ne. Wani tela Ibo ne ya bar mini shi amana lokacin rikicin Najeriya, da shi nake ci da iyalina tun daga nan. Kwanan baya saƙo ya zo cewa ya rasu, matarsa tana Ƙonni tana neman keken. Kawu ya ce amana ba a aika ta, ƙafa ke kai ta, gaban shaida.

Hanyar Malbaza ta sha ruwa, ga ramuka, kowane muka faɗa sai na waiga in duba keken. Matar ba ta jin Hausa, Faransancin da na koya a lakwal, wato makaranta, kuwa ba zai fisshe ni ba, don haka na roƙi direba, wani Basakkwace mai surutu, ya ɗan koya mini Turanci.

Ya ce, "In ka miƙa hannu da hannu, han oba. In ka maishe shi ga mai shi, gib bak. In ka haƙura da shi ɗungum, gib of."

Kawu ya ce, "Wanga Turanci duk na rabuwa da kaya na?"

A Tsarnawa muka sha fura mai tsami, albasa kuwa araha kamar a ba ka kyauta. Ina ta bitar kalmomin, amma gaskiya raina ba ya so. Har addu'a na yi a ɓoye, Allah ya sa mu tarar ta tafi.

Muka same ta a wani gida bayan tasha, 'yar siririya cikin baƙaƙen kaya. Aka sauke keken. Ta jawo ɗan aljihun gefen keken, ta ga almakashin mijinta yana nan, sai ta zauna a ƙasa tana kuka. Turancin nan kaf ya gudu. Na ce, "Ga amana," na ɗauke hannuna.

Da la'asar muka iso gida da igiya kaɗai. Abin da na koyo, faɗin kalmar ba wuya, ko direba ya iya koyar da ita, sakin hannun ne aiki. A zaure na tarar da gurbin ƙafafun keken guda huɗu a ƙasa, na zauna kusa da su na zura zare a allurar hannu.