Yinin da Muka Raka Injin Lantarki Zuwa Malumfashi

Funtuwa

Mun tashi ƙarfe biyar da rabi na asuba, cikin kaka. A lokacin ni ne mai duba hanya, aka ɗora mini rakiyar wata tirela mai ɗauke da sabon injin lantarki, irin wanda iskar gas ke juya farfelarsa. Matsakaici ne a wajen masana, amma faɗinsa ya cinye titi har gefe. Umarnin da aka ba ni guda ne: mu isa Malumfashi kafin azahar, don idan kwalta ta yi laushi ba za ta ɗauki nauyinsa ba.

Direban, Sande, ɗan wani ɗan kasuwa ne daga kudu, haifaffen Funtuwa. Tafiya yake tamkar ya ɗauko ƙwai.

Bakori

Ƙarfe bakwai muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosai ta ƙare wa injin kallo ta ce, "Malam, mu ma za a sam mana wutar?" Na ce na masana'antar Kano ne. Ta ce to, a gaishe shi.

Ƙarfi

Sha ɗaya saura kwata muka tarar da jan barkono shanye a gefen kwalta, tsawon taku sittin. Wata tsohuwa, Iya Dije, na zaune tana gadi. Noman shekararta ke nan, 'ya'yanta duk suna gona.

Ɗan sandan da aka haɗa mu da shi don rakiya ya ce a bi ta kai.

Sande ya leƙo. "Ranka ya daɗe, ni dai ban taka miyar Iya."

"Ɗan nan, matsa da buhun ƙarfenka can mana," in ji ta.

"Iya, in na matsa sai rami!"

Na dubi agogo, na dubi tsohuwar, na tuɓe kwat ɗina. Muka duƙa kwasa, har da ɗan sandan, muna atishawa, tana yi mana faɗan muna haɗawa da tsakuwa. Kafin mu ɗinke buhu na tara kwalta ta fara kama takalmi. Dole muka yini ƙarƙashin tsamiya, ta aiko mana da fura.

Malumfashi

Muka shiga bayan la'asar sakaliya, na miƙa injin ga takwarana mai duba hanya, wanda zai raka shi Kano. Ban taɓa makara a aiki ba sai ran nan. A takardar rahoto, gurbin dalilin jinkiri, na rubuta da kyakkyawan rubutuna: barkono.

Na koma Funtuwa na kwana gidana lafiya, ina gode wa Allah, hannuwana na raɗaɗi.