Ranar da Aka Sako Ruwan Kanal

Ɗana na biyu, tun yana shekara shida ba a taɓa ce masa yi kaza ya yi ba. Ka ce zauna, ya miƙe. Ka ce ci, ya ture kwanon ko da yunwa na cinsa. Na doke shi har hannuna ya gaji, an yi masa rubutu ya sha, na sauya masa makaranta sau biyu. Daga baya wata likita a Kano ta ce mana lalura ce ba iskanci ba, kuma tsawa ƙara ta take yi. Na ji ta dai, amma ni mutum ne mai zuciya, duk yankinmu na Bunkure an sani.

Shekarar da ya cika sha uku aka tsayar da ruwan babban kanal don mu yi yashe kafin noman rani. Kwana huɗu muna kwasar laka da ciyawa. Rana ta biyar da hantsi, mai kula da ƙofar ruwa ya bi bakin kanal a babur yana shela: an sako ruwa, kowa ya fito. Ina kankare shebur ɗina sai maƙwabcin gonata ya dafa ni.

"Malam, ba yaronka ba ne can?"

Shi ne kuwa. Yana can ƙasa, cikin ɗan ruwan da ya kwanta, yana lalubar tarwaɗa. Kanal ɗin siminti ne, gefensa a gangare, zurfinsa ya fi tsayin mutum, in ya jiƙe santsi ba ya barin kowa ya hau.

Kafin in ƙarasa, mutane sun gama ɓata lamarin. Sun taru a kansa, kowa da tasa. "Kai, fito don ubanka!" "Ɗan banza, kurma ne kai?" Wani har da jifa da hoge. Yaron ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya saki kifin, ya zauna daɓas cikin laka ya harɗe hannuwa. Na san zaman nan, ko gidan ne ke cin wuta ba zai motsa ba.

Daga sama na hango ruwan, jajawur, yana turo kara da ledoji. Wallahi ashar ta zo min har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce wa mutane, "Don Allah ku yi shiru, ku nemo igiya." Na cire takalmi, na sulale ƙasa, na zauna gefensa.

Ruwan ya iso da sanyi, ya rufe mana ƙafafu. Ya kai cinya. Yaron bai kalle ni ba.

"Me ka zo yi?"

"Zama."

"Ba zan fita ba."

"Ban ce ka fita ba."

Ruwa ya kai ƙugu, ya fara ja na. Tsoro nake ji sosai. A raina ina ta Innalillahi, ina tunanin abin da zan gaya wa uwarsa.

"Baba, ai ba ka iya ruwa ba."

"Ban iya ba."

"To ka tashi mana!"

Ban motsa ba. Sai ya zabura ya cakumi wuyan rigata, yana ja yana kuka yana faɗa, wai ni ba na jin magana. Ya kamo igiyar da aka jefo, ya cusa min a hannu, ya tura ni daga baya. Sai da aka janye ni sannan ya kama.

A bakin kanal muka zube muna haki, laka har kunne. Mutane suka yo kansa, na ɗaga musu hannu suka tsaya. Ya share hanci, ya harare ni da jajayen idanu.

"Ba don sun ce ba na fito."

Na ce, "Na sani." Kuka nake yi a gaban mutane.