Binnen da Garma Ta Tono a Gonar Baba

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da daminar da garmar shanu ta tono wani abu a gonar mahaifina ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina sabon malamin firamare a ƙauyenmu kusa da Maska.

Abin wani falle ne kore, kamar allon ƙaramin yaro, jikinsa duk zanen layuka. A tsakiyarsa an saƙa siraran wayoyi, an zura musu wasu mitsi-mitsin zobba baƙaƙe. Baba na ganinsa ya yi salati, ya ce hatimi ne, binne aka yi masa. Tsautsayi kuma, an tono shi ne dab da iyakar gonar ƙanensa, wato Baffa, wanda dama suke 'yar tsama a kan wata ɗorawa.

Baba akwai kafiya. Ya rantse ranar Juma'a zai kai abin gaban mai gari, ya yanke zumunci a bainar jama'a. Baffa ya zo ya durƙusa, ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ganin abin nan ba." Baba ya juya masa ƙeya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a keken Baffan nan na fara zuwa makaranta.

Na roƙi Baba ya ba ni aron abin in kai Funtua. Ya ce, "Kai da bokonka! To ka riƙe shi da tsumma, kada ka taɓa da hannu." Duk bokon nawa kuwa da tsumman na riƙe.

Na fara da wani Bayarabe mai gyaran rediyo, haifaffen garin. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Malam, wannan ba na rediyo ba ne, ba na talabijin ba. Amma aikin injiniya ne, ba na boka ba." Ya tura ni wurin wata Kirista 'yar Kafur da ke aiki da kwamfuta a wani ofishin aikin gona.

Ina kwance tsumman ta fashe da dariya har da hawaye. Ta shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, inda na'urar take tsaye, ta fi ni tsawo. Ta buɗe bayanta, sai ga irin fallayen nan a jere. Ta nuna mini lambar da ke gefen ɗaya, daidai da ta nawa. Ta ce, "Nan kwamfuta ke ajiye abin da aka faɗa mata, kowane zobe da ɗan abin da yake riƙewa. Wannan ya lalace bara, aka canza shi, aka jefa shi a juji."

Na ce, "Wa ke kwashe jujinku?"

"Manoma mana. Da rani suke zuwa da tifa, su kai gona a matsayin taki."

Na san Baba ba zai yarda da maganar baki ba, sai na roƙe ta, ta ba ni wani mataccen falle irinsa daga sito. Na ajiye masa su biyu a kan buzu, na faɗa masa duk abin da na ji. Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce a hankali, "Takin Funtua. Ai ni na sa aka kawo shi."

Ya zura takalmi, ya taka da ƙafarsa har zauren ƙanensa, ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Baffa ya kama hannunsa ya fashe da kuka, ni ma ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba. A kakar nan tare suka yi sussukar dawa.

Tun daga ranar na yarda cewa zato zunubi ne. Duk abin da na gani ban gane ba, gara in sha wahalar neman wanda ya san shi, da in ɗora wa ɗan'uwana laifinsa.